Kunnen Sahabi Mai Lasifika

Duk wanda ya yi biki ko suna tsakanin Bungudu da Tsafe a shekarun nan na baya, in dai taron ya amsa sunansa taro, to ya san Sahabi mai lasifika. Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, wuyansa ya nutse cikin kafaɗu kamar kullum da kaya a kansa, ko da kuwa hula ce kawai. Kuma kayan ne suka mai da shi haka. Amfilifayarsa ta fi buhun gero nauyi, shi kuwa bai taɓa yarda wani ɗan Adam ya ɗaukar masa ita ba.

Haihuwar Ruwan Bore ne, ɗan manomi jikan manomi. Ubansa ya so ya gaji fartanya. Amma wata rana motar masu tallar magani ta shigo ƙauyen da lasifika ɗaure a kanta, muryar mutum guda ta cika gari har ta tsallake rafi, awaki suka watse, tsofaffi suka yi ta salati. Sahabi ya tsaya baki buɗe. Tun daga ranar noma ya fice masa a rai. Ya gudo Gusau ya manne wa wani Bayarabe mai ba da hayar kayan sauti, ya yi ta ɗauka yana saukewa, yana hawa itace yana ɗaure waya, har gemu ya cika masa fuska. Da Bayaraben ya tsufa zai koma garinsu, ya bar masa amfilifaya guda da lasifika biyu irin masu faɗin bakin nan. Da su ya yi aure, da su ya gina ɗakunansa a ƙarshen Bungudu ta hanyar Furfuri, da su ya aurar da 'ya'yansa mata.

Ita amfilifayar nan, ga wanda bai san ta ba, akwatin ƙarfe ce mai huji-huji, a cikinta an jera wasu 'yan kwalabe. In an kunna ta ba ta cewa uffan. Sai kwalaben su fara yin ja a hankali kamar garwashi, ta ɗumama, ta ba da wani wari na ƙarfe mai zafi, sannan murya ta taso. Masu gajen haƙuri kan ce, "Malam Sahabi, ko ta lalace ne?" Shi kuma ya harare su ya ce, "Babba ba ya magana da garaje." Hajiya yake kiran ta, kuma ba da wasa yake yi ba.

Amma ba Hajiya ce ta yi masa suna ba, kunnensa ne. Yana da wata al'ada. In ya gama ɗaure lasifika a kan itace ko turke, sai ya jawo teburin Hajiya daidai ƙarƙashinta, ya miƙa kunne kusa da bakinta, ya runtse ido, yana murɗawa kaɗan-kaɗan har sai murya ta zauna. Yakan ce murya kamar fura take, in ba a dama ta da kyau ba sai ka sha gudaji. Sahabi Kunne ake ce masa a Gusau, kuma sunan ya shiga kansa, kar ka so ka gani. Ga kaifin harshe. In ya yi salla a masallacin da lasifikarsu ke gunji, ba ya fita sai ya tsayar da ladan gaban jama'a ya tambaye shi ko kiran salla yake yi ko kuwa sa ake yankawa.

Babban aikinsa na shekara shi ne tafsirin azumi da ake yi bayan la'asar a filin wani masallaci da ke tsakiyar Bungudu. Tun ba a san za a yi wata jiha wai ita Zamfara ba, Hajiya ce ke ɗaukar muryar malam da ta mai jan baƙi. Takan cika filin ta kai har bakin kasuwa, nan take tsayawa. Mutanen ƙarshen gari, irin unguwar su Sahabi, in suna son ji sai sun tako da ƙafa. Daga wannan aiki ake cika masa rumbu, kuma a nan masu bikin bayan salla ke ganin sa su neme shi. In tafsiri ya suɓuce, komai ya suɓuce.

To, ta inda mutum ke taƙama, ta nan ake kama shi. Wannan tsayuwa da yake yi ƙarƙashin lasifika ita ta cinye kunnen. Da fari wani ƙugi ne yake ji, kamar ruwan sama a kan kwano, ba ya ɗaukewa. Sannan kukan tsuntsaye ya ɓace masa. Sannan muryar mata. Matarsa Hanatu ce ta fara lura, don takan yi ta kiran sa daga madafa har tuwo ya huce. Ranar da ta ce, "Malam, anya kunnenka lafiya?" kai ka ce uwarsa ta zaga. Ya yi kwana biyu bai ci tuwonta ba.

Hanatu 'yar Furfuri ce, doguwa, mara yawan magana, kuma duk inda mijinta ya kafa lasifika ita ma takan kafa murhunta can gefen taro tana suyar ƙosai. Wata rana a wani suna a Rawayya, lasifika ta ɗauki kuka, irin fiton nan mai tsaga kai da take yi in makirfo ya matso kusa da ita. Mutane suka toshe kunnuwa, jarirai suka tsandara ihu, gogan naka kuwa yana tsaye ido rufe yana murmushi. Allah ya so shi ya buɗe ido, ya hango Hanatu ta miƙe tana kaɗa matsamin ƙosai sama da ƙasa kamar mai korar kaji. Ya yi maza ya rage. Ya ce wa jama'a wai ƙarfin waya yake gwadawa.

Da suka koma gida bai yi faɗa ba. Ya zauna bakin ƙofa ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Hanatu, in anka gane, mun mutu."

Ta matso daf da fuskarsa yadda zai ga bakinta, ta ce, "Ba za a gane ba, Malam."

Ranar suka ƙulla abin da ya rufa musu asiri shekara da shekaru. In ta ɗaga matsami sama, ya ƙara murya. In ta yi ƙasa da shi, ya rage. In ta gicciya shi gaban fuskarta, lasifika na kuka ko tana gunji. In kuwa ta kwantar da shi a bakin kasko ta ɗauke hannu, to murya ta zauna, tas take fita, kada ya taɓa komai. Abu guda ya roƙe ta: kada ta taɓa yi masa ƙarya da matsamin nan, ko da don ta faranta masa rai ne. Ta yi masa alkawari.

Shi kuma ya koyi karanta leɓe da fuska. Ya koyi riga mutane magana, ya yi ta zuba don kada a samu damar yi masa tambaya. In an gaishe shi ta baya bai amsa ba, sai a ce ai ka san Sahabi da girman kai. Ya gwammace a ce masa haka sau dubu. Har yanzu yakan tsaya ƙarƙashin lasifika ya runtse ido don jama'a su gani, amma ta ƙasan gashin ido yana leƙen kaskon ƙosai.

Shekara biyu da yanke Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta cika da baƙi da sababbin kaya, sai ga Mahadi. Tsohon direban motar haya ne, ɗan Tsafe, wanda ya gaji da hanyar Legas ya sayar da motarsa, ya dawo da wata 'yar baƙar amfilifaya wadda mutum zai saƙale a hammata kamar allo. Ba kwalba ko ɗaya a cikinta, sai wasu 'yan ƙwayoyi da masu gyara ke ce wa aisi. Kana taɓa ta take magana. Batirin mota ya ishe ta, ba sai an jawo janareto ba, kuma ko wuni ta yi tana aiki ba ta zafi.

Rumfar Haliru mai gyaran rediyo, can wani lungu bayan tashar mota a Gusau, ita ce majalisar masu wannan sana'a da 'yan zaman kashe wando. Haliru abokin Sahabi ne tun suna samari, shi ke nemo masa kwalba in wata ta mutu. A nan musu ya ɓarke, aka rabu gida biyu, 'yan kwalba da 'yan aisi. 'Yan kwalba suka ce muryar Hajiya tana da maiƙo, tana da ɗumi, in malam na karatu sai ka ji kamar a gefenka yake zaune, ta Mahadi kuwa busasshiya ce, sukar kunne take yi. 'Yan aisi suka ce duk tatsuniya ce, abin da 'yan kwalba ke kira ɗumi gunji ne kawai da suka saba da shi, sabo kuwa turken wawa. Tasu ita ke fitar da harafi ɗaya bayan ɗaya, ita ke kai wa nesa. Wani ya ce ta Mahadi da safe dai tana da daɗi, amma da yamma muryarta tsinkewa take yi. Wani ya rantse shi ko tari aka yi a makirfo zai gaya maka wace ce. Rabinsu fa ko rediyo ba su da ita a gida! Amma ka gan su, ana ta da jijiyar wuya, har wasu suka daina gaisawa.

Sahabi bai taɓa jin muryar abar Mahadi ba. Ta ina zai ji? Amma duk majalisar babu wanda ya kai shi zagin ta.

Wani biki a Tsafe ne ya haɗa su. Dangin ango suka ɗauko Mahadi, dangin amarya suka ɗauko Sahabi. Mahadi ya taso har inda yake, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba Sahabi, ka saurara mini, ka gaya mini inda zan gyara." Kuma da zuciya ɗaya ya zo, Allah ya sani. Sahabi ya dubi 'yar baƙar amfilifayar, ya dubi jama'a, ya ɗaga murya, da ma wanda ba ya ji bai san ƙarfin muryarsa ba.

"Wanga abu? Gwangwanin madara ne anka sa wa waya! Duk wanda ya ce shina da daɗi, kurma ne, ya tafi asibiti a wanke mishi kunne. Kai kuma koma ga tuƙinka."

Aka kwashe da dariya, har da mata da ke leƙe ta kan danga. Mahadi ya tashi ya kakkaɓe gwiwarsa. Daga ranar aka koma kiran sa Mai Gwangwani, har yaran motar da ya taɓa ba abinci. Tsoro ne ya sa Sahabi wannan rashin mutunci, ba wani abu ba. Amma wanda ka ci wa mutunci ina ruwansa da dalilinka?

Haliru ya daɗe yana zargi. Wata rana Sahabi ya kawo Hajiya a duba masa, ya juya baya yana kallon titi. Haliru ya kira shi, shiru. Ya ɗaga murya, shiru. Ya ɗauki guduma ya saki a kan wani tsohon kwano, duk rumfar ta zabura, Sahabi ko gezau. Da Haliru mutumin kirki ne, da ya ja abokinsa gefe sun yi ta su biyu. Ina! Haliru irin mutanen nan ne da in labari mai daɗi ya shiga bakinsu, ko na uwarsu ne sai sun fesar. Kafin la'asar Mahadi ya ji.

Ana cikin watan Sha'aban sai Alhaji Attahiru ya biyo ta rumfar. Ɗan kasuwar hatsi ne, shi ke shugabantar masu shirya tafsirin Bungudu, kuma musun ya kai gare shi, don wasu daga cikin mutanensa suna cewa a gwada sabon abu bana. Haliru ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ai abin mai sauƙi ne. A jera su bayan zana, kaset guda, lasifika guda. Sahabi ba shi ne Kunne ba? In ya rarrabe tasa da ta Mahadi bai gani ba, to maganarsa gaskiya ce, a bar mishi tafsiri. In ya kasa, a ba Mahadi." Alhaji ya ce shawara ta yi. Aka sa rana.

Hanatu da ta ji, sai ta riƙe fuskar mijinta ta juyo da ita ta ce, "Malam, kada ka tafi. Ka ce ba ka da lafiya."

"In ban tafi ba, an ba Mai Gwangwani ke nan."

"To in zo in kafa kasko nan kusa."

"A lungun Haliru? Cikin maza zalla? Mi za ki ce kin zo yi?" Sai ya yi wani murmushi. "Kwantar da hankalinki. Hajiya ba ta magana da garaje. In anka kunna na ga fuskokinsu sun motsa nan take, gwangwani ne. In na ga sun jira, Hajiya ce. Su da kansu za su gaya mini."

Dabara ce mai kyau, a ba shi wannan. Abin da bai sani ba, Haliru ya fi shekara ashirin yana kunna Hajiya yana jiran ta ɗumama, kuma shi ma ya yi wannan tunanin.

Ranar gwaji, bayan azahar, lungun ya cika maƙil. Direbobi, 'yan kamasho, masu shayi, masu faci, har da waɗanda ba su san abin da ake yi ba sun ga taro sun tsaya. Aka ɗaure lasifika a kan darbejiya, aka kafa zana a bakin rumfa, amfilifaya biyu suna ciki. Sahabi ya so ya tsaya ƙarƙashin itacen yadda ya saba, ko ya samu ya dafa shi ya ji motsi a tafin hannu. Haliru ya ce a'a, nan zai jiwo warin kwalba, a kai masa benci can nesa. Aka kai. Alhaji Attahiru yana kan kujera yana jan carbi. Haliru ya shiga bayan zana, ya ce in sun ga ya ɗago hannu ta sama, to ya kunna.

Sahabi ya zauna. A kunnensa babu komai sai ruwan saman nan nasa a kan kwano.

Hannu ya ɗago. Nan take kawuna suka juya wajen darbejiya, wani tsoho ya ɗan yamutsa fuska. Sahabi ya tofar da yawu gefe ya ce, "Gwangwani!" 'Yan kwalba suka yi tsalle.

Hannu ya sake ɗagowa. Fuskoki suka tsaya cak suna jira. Can sai ya ga gira na sauka, kawuna sun fara rausaya a hankali. Ya ce, "Hajiya ce. Sannu da zuwa, Hajiya." Aka ɗauki kabbara. Zuciyarsa ta koma mazauninta. Har Alhaji ya fara tattara babbar rigarsa zai tashi, sai Mahadi ya ce, "Ranka shi daɗe, a ƙara ɗaya. Na uku shi ke raba gardama."

Tun da safe aka shirya wannan na ukun, daga baki zuwa kunne, kowa ya sani in ban da mutum ɗaya. Har 'yan kwalba an gaya musu, su da ke rantsuwa da sunansa, kuma babu wanda ya ce kai, ku ji tsoron Allah. Kowa yana son ya ga yadda za ta ƙare. A bayan zana Haliru ya zare kaset, ya cire wayar lasifika, sannan ya ɗago hannu.

Jama'a suka tsaya cak. Suka jira, daidai irin jiran da ake yi wa Hajiya. Sannan wani direba ya fara rausaya kai. Na kusa da shi ya bi. Kafin ka ce kwabo lungun nan kaf yana rausaya, wani har da lumshe ido, wani har da dafa ƙirji. Sahabi ya saci kallon Alhaji Attahiru, don shi dai dattijo ne, ba za a yi wasa da shi ba. An riga an raɗa wa Alhaji. Da ya ɗaga hannu kawai da abin ya tsaya nan. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi, kansa na ɗan motsi. Wannan sunkuyon shi ya yanka Sahabi.

Ya miƙe tsaye. Daɗi ya kama shi, ya manta da taka-tsantsan, ya runtse ido da gaske irin na zamanin da yake ji.

"Allahu Akbar! Kun ji ko? Kun ji yadda madda ke tafiya ba ta karye ba? Kun ji ƙirjin mai karatu? Wanga ita ce murya mai maiƙo! Mahadi, buɗe kunnenka ka koya, ɗana, irin wanga ba a sayo ta a Legas. Ku saurara nan, nan inda ya ja numfashi..."

Babu abin da ke tashi a lungun sai muryarsa, da ta wani ɗan kamasho can cikin tasha yana kiran Funtuwa da Zariya. Wani ya fara ƙyalƙyacewa. Sai ta fashe gaba ɗaya. Shi bai ji ba. Yana tsaye ido rufe, hannunsa na yawo a iska yana bin karatun da babu shi, yana ta yabon Hajiya, su kuma suna ta faɗuwa kan juna. Ya daɗe a haka. Ko mutum ɗaya bai taɓa kafaɗarsa ba.

Da ya buɗe ido, abin da ya fara gani direban nan ne kwance a ƙasa yana riƙe da ciki. Sannan Haliru, abokinsa na ƙuruciya, tsaye a bakin zana, kaset a hannun dama, bakin waya na reto a hannun hagu, hawayen dariya na zuba a gemunsa. Sahabi ya dubi wayar. Ya dubi lasifikar da ke kan darbejiya. Hannunsa yana nan a sama bai sauke ba.

Mahadi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya tako ya durƙusa gabansa yadda ya yi a Tsafe, ya ɗago fuska, ya yi magana a hankali yana buɗe baki sosai don kada ko harafi ya wuce shi.

"Baba Sahabi, asibiti na nan kan hanyarka. Ka biya a wanke maka kunne."

Alhaji Attahiru ya tashi ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya yafito Mahadi suka fita tare.

Sahabi ya shiga rumfa ya naɗe gammo ya ɗora Hajiya a ka, da sauran ɗuminta. Haliru ya miƙo hannu zai taya shi, ya kauce. Yana ratsa taron wani ya bi bayansa yana buga gwangwani daf da ƙeyarsa, bai waiwayo ba, aka sake fashewa. Haka ya tafi har inda motar Bungudu ke lodi.

Labari ya riga shi isa gida. Cikin 'yan kwanaki ya kai Tsafe, ya kai Rawayya, ya kai Ruwan Bore inda 'yan'uwansa ke noma. Masu bikin da suka yi masa magana suka aiko cewa an ɗaga. Kuma mutane suka samu sabuwar gaisuwa: in ya zo wucewa sai wani ya runtse ido ya ɗaga hannu yana yawo da shi a iska. Wannan ba sai da kunne ba, yana gani. Ya daina fita sai masallacin ƙofar gida.

Azumi ya kama. Hanatu ba ta kai kaskonta filin tafsiri ba, kunya ba ta bar ta ba, ta kafa shi a ƙofar gida tana sayar wa maƙwabta na buɗa-baki. Sahabi yakan fito da tabarma bayan la'asar ya zauna gefenta ya jingina da bango. Abu guda ya rage masa yana riƙe da shi. An kama shi ba ya ji, to, ya yarda. Amma maganarsa a kan gwangwani tana nan, kuma yana jiran ranar da Bungudu za ta gaji da sukar kunne ta zo ta nemi Hajiya.

Wata la'asar ya ce, "Hanatu, mi mutane ke cewa kan abar Mahadi? Ƙara take yi kamar gwangwani ko?"

Ta juyo yadda zai ga bakinta ta ce, "Kamar gwangwani, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya ji sanyi a ransa. Sai ya lura titin nasu ba kamar kullum yake ba. Tsohon da ke gidan gaba ya fito da buzunsa ya zauna ya karkata kai wajen gari. Mata sun tsaya a zaurukansu da tsintsiya a hannu ba sa shara. Mai facin keke ya ajiye famfo. Babu mai kallon kowa. Yana cikin mamaki sai ya ga leɓunansu duka sun motsa lokaci guda, tsoho da mata da mai faci, har da Hanatu da ke juya ƙosai. Wannan motsin leɓe ya fi kowane saninsa, ya gan shi a filin tafsiri ba adadi: sallallahu alaihi wa sallam. An ambaci Annabi a tsakiyar gari, kuma an ji a nan ƙarshen Bungudu, inda muryar Hajiya ba ta taɓa zuwa ba.

Ya daɗe yana kallon matarsa. Ta san ya gani, ta ƙi ɗagowa.

"Hanatu."

Ta ɗago.

"Bar baki. Gaya mini da matsami."

Idonta ya cika. Ta riƙe matsamin a tsaye, mai na ɗiga daga jikinsa. Hannunta ya fara ɗagowa zai gicciya shi gaban fuska, ya tsaya a hanya. Shi dai yana kallon ta, bai ƙifta ba. Ta tuna abin da ya roƙe ta ranar da suka dawo daga Rawayya.

Ta kwantar da matsamin a bakin kasko, ta ɗauke hannu.

Sahabi ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya dafa bango ya tashi, ya naɗe tabarmarsa ya shige gida. Ƙosan da ke cikin mai ya yi baƙi yana hayaƙi, Hanatu na zaune ba ta tsame shi ba.